Hannun da Bai Ɗagu Ba Ranar Jana'izar Mai Hoto

Assalamu alaikum. Ina gaida shugaban asibiti, da likitoci, da abokan aikin marigayi. Ina gaida dattawan layinmu. Yaya, matar marigayi, da ku 'ya'yana da kuka rasa uba, ina gaishe ku da haƙuri.

Da girmana na koyi karatu, a ajin manya, don haka idan na tsaya a kan kalma ku jira ni.

Mai Hoto muke kiransa, domin shi ke riƙe da na'urar sikanin a ɗakin nan na ƙarshen baranda, mai labule kore. Ya kasance mutum mai saurare kafin ya kunna na'ura. Ya kasance yakan ɗumama man nan mai sanyi a tafinsa kafin ya shafa wa tsoho. Ya kasance ko a bakin famfo muka tare shi da ciwonmu, sai ya ajiye bokitinsa.

Ɗana na fari mai fenti ne. Yana fentin silin ya zame daga tsani, ya riƙo ƙarfen taga da hannun dama. Tun daga nan hannun ya ƙi ɗaguwa. An yi masa hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Kun san halin layinmu. Hoton ya zaga gida-gida, kowa ya ɗaga shi a hasken taga ya zama likita. Mai gidansa a wurin aiki ya ce lalaci ne, abokansa suka sa masa suna Ranka-ya-daɗe, wai ya girmi buroshi.

Mai Hoto ya karɓi hoton ya ce hoton lafiyarsa ƙalau, amma ƙashi kaɗai yake nunawa, kuma ba ƙashi ke ɗaga hannu ba. Ya ɗora sikanin a kafaɗar hagu, ya nuna mini jijiya fara a miƙe. Ya koma dama, ya sa yaron ya motsa hannu, sai ga wani baƙin gurbi a tsakiyar farin.

Ya ce, "Inna, ɗanki ba malalaci ba ne. Jijiyar ce ta yage."

Bai yi fariya da na'urarsa ba. Ya ce tana ganin yagewa, kuma tana gani hannu na motsi, amma kafin tiyata likita yana son babban injin da ake kira MRI, wanda ke nuna nisan da jijiyar ta ja baya da yadda tsokar ta rame. Ya ce jinkiri ke sa ɗinki ya ƙi kamawa.

To a nan kunyarmu take. Ɗana, ƙato da gemu, ya leƙa injin ya ga rami ne da ake zura mutum a kwance, ga ƙara, sai ya ce zai zaga bayi. A gida na same shi. Mai Hoto ya yi ta binsa, yana tsokanarsa da cewa mai hawa bene ba igiya ne ke tsoron gado. Ya ce zai shiga ɗakin tare da shi ya riƙe masa ƙafa har a gama. Ɗana ya ce sai wani mako. Wani makon ya riski Mai Hoto a kwance.

Yaya, ranar da aka fito da shi, ina tsaye kusa da ke a bakin ƙofa. Kin ga ɗana ya matsa ya kama makara, kin ga ya saki ya ja baya. Na ji wata a bayanmu ta ce dubi wanda ya fi kowa cin moriyarsa. Na kasa ɗago kaina, kuma har yau ban iya haɗa ido da ke ba. Wallahi ba ƙi ya yi ba. Hannun ne bai kai ba. Ya dawo gida ya zauna a bayan ƙofa, bai ci komai ba.

Ga shi can a kujerar baya, shi ya ce in faɗa muku. Ya koma asibiti da ƙafarsa, an ba shi ranar Talata. Likita ya ce ba zai yi mana alkawari ba sai ya ga hoton, ni kuwa ba na samun barci. Na roƙa an yarda in shiga, in dai na cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe. Ni zan riƙe ƙafar.

Na gode da kuka jira ni har na kai ƙarshe. Allah Ya jiƙan Mai Hoto, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Yaya haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ku kuma sa mu a addu'a, Allah Ya sa ba mu makara ba. Amin.