Wata Goma Sha Huɗu a Kan Bencin Baba Iliya

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu, wanda ya jira ni a lokacin da ni ban iya jiran kowa ba.

Sunana Ishaya. Da yawa cikinku kun san ni a kasuwar Sandaga a nan Douala, inda nake sauke buhunan albasa daga motocin arewa. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, kwana tara ina fama. Malamar ajinmu na yaƙi da jahilci ta gyara mini inda na karkace.

Abin ya fara ne lokacin albasa. Ina kan mota sai Kawu Bulus, kawun matata Rahila, ya kira ni daga ƙauyensu can bayan Mokolo. Ya ce jikin surukata ya yi tsanani. Kun san yadda muke yi: labari mai nauyi ba a kai wa mace kai tsaye, mijinta ake gaya wa, shi ya zaunar da ita ya sanar da ita a hankali. Na ce to. A raina na ce bari motocin nan su ragu, jibi zan gaya mata. Jibi ya zo, wasu motoci suka shigo. A kwana na huɗu tsohuwar ta rasu. Sai labarin rasuwar Rahila ta ji, kafin ta isa an riga an binne.

Da ta dawo Douala ba ta sauka a ɗakinmu na New Bell ba. Ta wuce wurin yayarta a Cité des Palmiers.

Ban ga laifina ba ko kaɗan. Gani nake ta kunyata ni a unguwa. Tunda aurenmu na takarda ne, na tafi kotu a Bonanjo na tambayi yadda ake rabuwa. Wani magatakarda ya ce abin yana ɗaukar lokaci, kuma ko alƙali sai ya fara gwada sulhu. Na fito raina a ɓace, na hau babur kai tsaye zuwa gidan Baba Iliya, dattijon ikilisiyarmu.

Na ce, "Baba, ku raba mu. A yi a gama."

Ya ce, "Shekara nawa da auren?"

"Sha tara."

"Shekara sha tara kana ɗaurawa, kana so in kwance maka kafin albasa ta ƙare? Ku zo Asabar ta farko a wata."

Ga yadda Baba yake aikinsa. Benci biyu a baranda, shi a tsakiya da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ɗaya ya yi magana, Baba ya rubuta. Kafin ɗayan ya ba da amsa, sai ya maimaita abin da aka faɗa, har mai maganar ya ce haka ne.

Zaman farko Rahila ta yi magana mai tsawo, tana kallon ƙasa. Ni kuwa ina ta shirya amsata a ciki. Da ta gama Baba ya ce, "Ishaya, me ta ce?"

"Ta ce na ɓoye mata. Amma ai don kada hankalinta ya tashi ne."

Baba ya rufe littafin. "Ba haka ta ce ba. Sai wata mai zuwa."

Zaman bai kai minti ashirin ba. Wata guda na jira saboda shi!

Haka wata na biyu, haka na uku. Wata na huɗu ruwa ya cika unguwar har gwiwa, babur bai iya shiga ba, aka ɗaga. Na biyar Baba yana kwance da zazzaɓi. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na dawo daga kasuwa sai in tsaya a bakin ƙofa, in shiga, in sake fita. Na yi faɗa da wani direba a kan buhu ɗaya da ya yage, abin da da can dariya zan yi. Abokan aikina Musulmi suka riƙa tsokanata. Wani Malam Sani ya ce, "Ishaya, wannan saki naku ko ginin gada ne?" Na yi dariyar dole.

Na koma wurin Baba na ce ya kira Kawu Bulus a yanke magana, tunda shi ya karɓi goron auren, kuma ba a rabuwa sai yana zaune. Baba ya ce Kawu ba zai bar gona ba sai an girbe dawa. Wata biyar ke nan nan gaba.

Sai zargi ya shiga zuciyata. Littafin nan fa, me yake rubutawa a ciki? Ban iya karatu ba. Na ce wataƙila tsohon nan ya goyi bayanta, yana tara mini laifi. Zan faɗi gaskiya a gaban Allah: ba don in karanta Littafi Mai Tsarki na shiga ajin yaƙi da jahilci na coci ba. Don in kama Baba Iliya na shiga. Ina da shekara arba'in da bakwai, hannuna da ya saba da buhu ya fara koyon riƙon fensir.

A wata na goma sha ɗaya na je gidansa ran Laraba da rana, na ce ina so in ga littafin.

Ya miƙo mini ba gardama. "Ai naku ne. Zauna."

Na buɗe shafin farko, na ɗora yatsa. Ni mai karatu ne a hankali, kowace kalma sai na tsaya a kanta. Ba yadda zan katse takarda in ce amma. Ga abin da na samu, maganar Rahila tun zaman farko:

"Da ya gaya mini ran Litinin, da na same ta da rai. An ce kullum tana tambaya ko Rahila ta taso. Kawu yana ce mata ai an sanar. Mamata ta mutu tana zaton an gaya mini na ƙi zuwa."

Na karanta sau uku. Na juya wata na biyu, maganar tana nan. Wata na uku ma tana nan. Wata goma matata tana faɗin abu ɗaya a gabana, ban taɓa ji ba.

Na bar gidan ban yi sallama ba. Na shiga coci, ba kowa sai mata biyu suna shara. Na durƙusa a bayan benci na ƙarshe. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na yi wa matar nan abin da ba zan iya gyarawa ba. Ka cire mini wannan gaggawa. Ka ba ni kunne." Na yi kuka har ɗaya daga cikin matan ta ajiye tsintsiya ta kawo mini ruwa.

Kawu Bulus ya iso a wata na goma sha biyu, bayan kwana biyu a hanya. Aka zauna. Rahila ce ta fara. Ta ce, "Baba, na gaji. Abin da yake so a yi masa. Na yarda."

Abin da na yi shekara ina nema, ga shi an miƙo mini.

Baba ya ce, "Ishaya, me ta ce?"

Na ce, "Ta ce ta gaji. Ta ce Mama ta mutu tana zaton an gaya wa 'yarta ta ƙi zuwa. Ni ne ban gaya mata ba. Saboda albasa."

Baba ya jira, alƙalaminsa a sama. Ban ƙara da amma ba.

Ya juya wurinta. "'Yata, haka ne?"

Ta ce, "Haka ne."

Na ce, "Baba, ina roƙo a ƙara mana wata ɗaya."

Kawu Bulus ya buga cinya. "Kwana biyu na yi a mota, ƙashina duk ya kwance, don in ji ana neman ƙarin wata?"

Baba ya yi dariya har da tari. Rahila ba ta yi ba. Ta dube ni, karo na farko tun dawowarta, ta kira ni da sunan 'yarmu, ta ce, "Baban Ladi, ba wata nake so ba. Za ka raka ni ƙauye. Ka tsaya a gaban 'yan'uwana ka faɗa da bakinka cewa ba ni na ƙi zuwa ba."

Na je. A tsakiyar lokacin albasa na bar kasuwa na je. Na tsaya a tsakar gidansu, manya da yara suna kallona, na faɗa. Wata gwaggonta ta tofar da yawu ta shige ɗaki. Tana da gaskiya. Daga nan muka je kabarin, Rahila ta zauna a ƙasa, ni na tsaya nesa kaɗan har ta gama.

Mun yi zama biyu a wurin Baba bayan mun dawo. A wata na goma sha huɗu ya rufe littafin ya ba Rahila ta ajiye.

Sati uku ke nan tana gida. Keken ɗinkinta har yanzu yana Cité des Palmiers. Kullum in na shigo idona yana zuwa kusurwar da yake zama, bakina yana ƙaiƙayi in tambaya yaushe za a kawo. Ban tambaya ba. Ku taya ni da addu'a kada in tambaya.

Na gode wa Ubangiji saboda ruwan da ya hana zama, da zazzaɓin Baba, da dawar Kawu. Da an yi mini da sauri yadda na so, da yau ba ni da mata. Ɗan'uwa, in kana kan irin wannan benci kana ƙirga watanni, kada ka tashi. Ka dogara ga Yesu, ka koma wata mai zuwa.

Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.