Dukiya Mai Kunne

A tashar jirgin ƙasa ta Jackson, kwana biyu da ficewar jihar Mississippi daga tarayyar Amurka, baiwa Tempie tana tsaye riƙe da akwatin ubangidanta Harlan. Wani baƙo mai tallar magani ya zauna kusa da shi.

"Yallaɓai, wai me ya yi zafi haka? Ni fa ɗana ya isa shiga soja, ko barci ba na iya yi."

"'Yancinmu muke karewa."

"'Yancin me?"

"Na riƙe dukiyata mana! Bara bawana Cato ya tsere Ohio. Doka ta ce su dawo min da shi, mutanen Arewa suka yi kunnen uwar shegu."

"To ai dā ma akwai dokar. Yanzu da muka zama wata ƙasa, wa zai dawo maka da shi?"

Akwatin ya suɓuce daga hannun Tempie. Cato mijinta ne.

Harlan ya waiwayo. "Ke! Me kika ji?"

"Ban ji komai ba, ranka ya daɗe."

Baƙon ya sassauta murya. "Yallaɓai, mu bar zancen nan. Dukiyarka tana da kunne."

Harlan ya share gumi. "Bawan Allah, ni abin da ke hana ni barci ke nan."