Gonar Gado a Kajiji

A tashar Shagari, Badaru na tsaye cikin farar shadda yana jiran kabu-kabun Kajiji. Wani dattijo a kan benci ya ƙura wa takalminsa ido.

"Samari, da wanga takalmi za ka Kajiji cikin damina? Taɓo zai yi maka godiya."

"Ba daɗewa zan yi ba, Baba. Gonar gado zan duba in sayar. Ƙauyen da ba wuta, ba hanya, me zan yi da gona can?"

"Ka san iyakarta?"

"Marigayi mahaifina ya ce daga tsamiya zuwa tsohuwar rijiya."

Dattijon ya tuntsire da dariya. "Tsamiyar iska ta kada ta shekara bakwai ke nan, rijiya kuwa ta rufta. Kai ɗan wane ne?"

"Ɗan Malam Bawa tela."

"Allah shi jiƙan Bawa! Mahaifiyarka Hajiya Zulaihatu na lahiya? Har yau tana dama hura da rana?"

Badaru ya sake dubansa da kyau. "Kullum. Ba ta shan ta kasuwa."

"Geron ina kuke saye?"

"Ba saye muke ba. Kowace kaka wani Arzika ke aiko mana da..."

"Ni ne Arzikan. Bawa ya ba ni aron gonar, cikinta nake noma geron." Dattijon ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Cire takalmin, mu tahi in gwada maka iyakar. Amma in ka sayar, kai za ka gaya wa Hajiya inda hurarta ta tahi, ba ni ba."