Likkafanin da aka ɗaura wa masu rai

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Saratu, daga unguwar Dogo Tebo a Potiskum. Ban iya rubutu ba, matar fasto ce ta rubuta, na kuma ce mata kada ta ƙara gishiri.

Lokacin yaƙin basasa aka ɗauki ɗana Bulus aikin ɗaurin ciwo, aka yi kudu da shi. Shi kaɗai gare ni. Tun ranar tsoro ya shige ni. Tuwo ya daina wucewa. In mota ta tsaya a ƙofa, sai in fito da gudu in ji ko labarinsa aka kawo. Har alawayyon likkafani na saya na ɓoye a ƙasan akwati, wai in an kawo gawa kada in je roƙo.

Ana nan masu agaji suka raba aiki gari-gari, wasu magani, wasu madara, mu a Potiskum bandeji. Mota za ta biyo daga Maiduguri ranar kasuwa, ba ta jiran kowa. Malam Dauda na ɗakin magani ya ce in namu bai shiga motar ba maganin ma ya tashi a banza, don ba a wanke ciwo a bar wa ƙuda. Ni aka ɗora kan matan zumunta na coci, tunda suna shakkar bakina.

Farin ƙyalle ake so, a tafasa, a yaga faɗin tafin hannu, a naɗe. Nan fa magana ta tsaya. Mata suka ce tara farin ƙyalle ana yaƙi ai kiran mutuwa ne. Na yi musu faɗa da baki, amma nawa hannun ma ya ƙi. Kasuwa ta matso, kwando babu komai. Sai na riƙa ganin Bulus a raina tsaye kan ɗan wata mata, jini na zuba, ba abin ɗaurewa.

Na durƙusa a bayan rumbu na ce, "Ya Yesu, ɗan da ka ba ni yana da rai ko babu, ban sani ba, amma ni na riga na binne shi a zuciyata. Ka tono mini shi."

Ban tashi ba sai ga maƙwabciyata Ya Fanna, Musulma, Babarbariya, rungume da farin ƙyalle. Na ce yaushe ya rasu, wa ya kawo labarin?

Ta ce, "Ke uwar Bulus, tashi, ba gaisuwa na zo ba. Likkafanina ne da na wanko da Zamzam. Ni ban shirya tafiya ba tukuna. A ɗaura wa mai rai."

Na shiga ɗaki na ciro wanda na ɓoye wa Bulus. Da hannuna na yaga shi. Ƙarar yagar nan, 'yan'uwa, tare da ita tsoron ya fita! Ranar na cinye tuwona.

Da mata suka ji, aka buɗe akwatuna. 'Yan tireda na unguwar Hausari suka aiko da nasu. Duk wadda ta naɗe da danshi na mayar mata, ko tana hararata. Mota ta zo ta tarar da mu a bakin hanya.

Bayan yaƙi Bulus ya dawo, ya rame, yana ɗingishi. Na tambaye shi ko namu ya kai hannunsa. Ya ce, "Inna, ai duk bandeji fari ne." To, ban sani ba, ba kuwa zan yi ƙarya a gidan Allah ba. Ga shi can zaune a baya.

Godiya ta tabbata ga Yesu. Ke da kika ɓoye likkafanin wani a zuciyarki, ki dogara ga Ubangiji, ki fito da shi. Amin.