Keken Ɗinki Zai Koma Gida

Ranar Talata da safe ana yayyafi, na fake a rumfar jiran mota. Wani dattijo tela na rungume da kan keken ɗinkinsa cikin leda. Kusa da shi direban bas ne yana jiran fasinja.

"Baba, gyara za a kai shi?" in ji direban.

"Gida za shi. Hukumar gari ta sauya doka, yanzu mutum na iya buɗe shago a ƙasan gidansa. Na bar kasuwa."

"Dokar da ta cinye mana rabin titi? Inda nake ajiye mota an mayar da shi hanyar masu ƙafa, har da bishiyoyi!"

"Ni na miƙe a taron unguwa na roƙi bishiyoyin nan," tela ya ce, yana gyara hula. "Jikata za ta bi inuwarsu zuwa makaranta. Ga mai burodi, ga kemis, ga kakanta. Ba ta ƙara tsallaka titi."

"To in kowa ya koma takawa, wa zan ɗauka?"

"Ɗauke ni yau, na ban kwana."

Direban ya kwashe da dariya. "Amma Baba, shago a ƙasa, Inna matarka a sama? Da keke ya yi shiru ta san barci kake."

Tela ya ce, "Wannan kam ban kawo shi a taro ba."

Direban da kansa ya ɗora keken a kujerar gaba, tela ya shiga yana baza riga.

Direba ya rasa wurin ajiye mota da fasinja ɗaya. Tela kuwa barcin rana kaɗai ya rasa.