Ranar da Aka Kashe Injin Jirgi Saboda Littafina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannunku da aiki. Ni ce Hajara daga Wara. Na rubuto ne saboda ɗan'uwan nan da ya ce a shirinku littafinsa na farko yana jibge a ɗaki, har yana nadamar bugawa. Wallahi ya ba ni tausayi, don na ɗanɗana.

Nawa littafin labarin wata mai bandar kifi ne. Na yi ta tallarsa a waya, ba na samun komai sai "Allah ya sa albarka". Kwalin littattafan yana ƙarƙashin gadon Inna har gara ta fara cinsa.

Wata ranar kasuwa muna zaune cikin jirgin ruwa muna jiran ya cika, kowa ya gaji. Wata tsohuwa ta ga littafin a hannuna, ta ce, "Ɗiyata, mu ba mu yi boko ba, karanta muna."

Na fara karantawa. Jirgi ya yi tsit. Ina kaiwa inda kwalekwalen mijin mai bandar kifin ya dawo babu kowa ciki, sai direba ya tada inji. Tsohuwa ta daka masa tsawa, "Kashe shi, Malam, sai mun ji ko yana da rai!" Ya kuwa kashe.

Littattafan da na riƙo a jaka duk aka saye, jikoki za su karanta musu.

Ina gaida Inna da wannan tsohuwa. Kai kuma ɗan'uwa, kada ka karaya. Kai littafinka inda mutane ke zaman jira, ka buɗe baki. In ka bar shi ƙarƙashin gado, gara kaɗai za ta karanta.