Allah Mai Hannu

A tashar jirgin ƙasa ta Largo, can ƙasar waje, wani dattijo ya ji wata ma'aikaciyar asibiti tana waya da Hausa, ya leƙa littafin da ke cinyarta.

"Baiwar Allah, littafin 'yan cocin Mormon ne wannan? 'Yar ina ce ke?"

"Kafanchan, Baba. A cocin ECWA na tashi, amma yanzu ina cikinsu."

"To me ya kai ki? Mu Allah ɗaya muka sani, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Su kuwa sun raba shi uku, wai Uban ma nama da ƙashi gare shi kamar ni da ke!"

"Haka na gaskata, kuma ba na ɓoyewa. Ranar da na binne ɗana, kowa sai ce mini yake Allah ruhu ne, yana ko'ina. Ni mai hannun da zai rungumi yarona nake nema."

"Hannu! Ya kasa buɗe mini ƙofa da hannun? 'Yata ta auri ɗayansu. Na ci ado da babbar riga, aka ce wanda ba nasu ba ba ya shiga haikalinsu. A wajen ajiye motoci na tsaya har aka ɗaura auren."

"Kun yi magana tun ranar?"

"Shekara uku ke nan. Ba ni zan fara kira ba."

"Taka tana da lambar waya, Baba. Nawa ba shi da ita. Tashi, ga jirgi nan."